Rasuwar Ɗan Uku, Madubin Bindigar Mainassara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ta ƙi kwanciya wuri ɗaya, Mainassara ɗan Zakari, mai tsaron filin gyaɗa na Magarya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Magarya da Bande da Kwaya da Dungas, har da dangi na tsallaken iyaka a Baɓura, rasuwar abokin aikinsa, madubin hangen nesa da ke kan bindigarsa ta iska, wanda duk gari ya sani da suna Ɗan Uku. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan tabarmar Inusa mai gyaran agogo, bayan jinyar wata biyu, a kakar wannan shekara ta 1956 ta lissafin Nasara. Allah ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin bututun ƙarfe ne siriri, tsawonsa bai cika kamu ɗaya ba, kaurinsa kamar karan dawa mai ƙiba. Yana da ƙwayar gilashi a gaba da wata a baya, a cikinsa kuma akwai zare biyu da suka gitta juna, sun fi gashin jariri siranta. Inda suka haɗu nan harsashin dalma yake faɗawa. A gefensa an zana lamba uku, ma'ana yana ninka abu sau uku: kurciyar da ke taki talatin sai ya kawo ta kamar tana taki goma. Daga nan ya samo sunansa.

Marigayin ɗan ƙasar Faransa ne. Ya zo Magarya a cikin akwatin wani Banasare mai sayen gyaɗa, tare da bindigar, saboda ɓeraye da tsuntsaye da ke yaga buhuna. Shekara biyar Mainassara yana bin Banasaren a baya da gwangwanin dalma, har ya fi shi iya harbi, kuma Banasaren ya san haka. Ranar da zai koma gida ya miƙa masa su duka biyu. Mainassara ya kai bindigar biron kumandan, ofishin hukuma, don kada a ce ya ɓoye makami. Magatakarda ya juya ta, ya buɗe ta a tsakiya, ya leƙa, ya nemi inda ake zuba albarushi bai gani ba, ya ce wannan ba ta kai a yi mata takarda ba. Tun daga ranar Ɗan Uku ya zama ɗan gida.

Halayensa ba sa bukatar a yi masa ƙari. Ba shi da rowa: in ya nuna maka kurciya sai ya haɗa maka da reshen da take kai, da katangar da ke bayanta, da akuyar maƙwabta in tana nan. Shi ya sa a shekara shida da ya yi a hannun Mainassara ba a taɓa kawo ƙarar dabbar kowa ba. Mai rufin asiri ne: hannun ɗan'adam ba ya rabuwa da rawa, amma Ɗan Uku yakan danne ta, har mutum ya ɗauka hannunsa dutse ne. Ba ya tsoron duhun sito, inda ɓera yake laɓewa tsakanin buhuna a taki bakwai ko takwas. Kuma ba mai surutu ba ne. Maganarsa duka ba ta wuce ƙas, ƙas, in an murɗa ɗan maɓallin da ke kansa don a daidaita shi, sannan bindiga ta amsa masa da faf. Da wannan gajeriyar hira aka raba filin gyaɗa da ɓeraye, aka raba tsohuwa Ya Kaka ta maƙwabta da shirwar da ke kwashe mata 'yan tsaki, kuma miyar Baturiya, matar Mainassara, ba ta taɓa kwana uku babu nama ba.

Ana cewa kada a ambaci laifin mamaci, kuma wannan mamacin ba shi da laifin da za a ambata. Laifin na mai sanarwa ne, kuma ya ce a rubuta shi yadda yake.

Duk wanda ya san Mainassara ya san mutum ne da ba ya iya zama. In yana shan fura ƙafarsa na kaɗawa. In an yi sabon abu a Bande sai ya je ya gani da idonsa. Ya haura shekara hamsin, ganinsa ya fara ja baya, abin kuma yana cin ransa, ko da yake bai gaya wa kowa ba. A ƙarshen bazarar da ta wuce, ranar kasuwar Magarya, wani dillalin tsofaffin kaya mai suna Maharazu ya zo daga Baɓura, ya kira shi gefe, ya warware wani ƙyalle. A ciki akwai madubi irin Ɗan Uku, amma ya ninka shi tsawo da kauri, bakinsa na gaba kamar bakin ludayi. A gefensa an zana lamba takwas.

"Sarkin baka, ɗora idonka nan," in ji Maharazu. "Dubi rimin can na bakin gari."

Mainassara ya duba. Da ido bai ga komai a kan rimin ba sai wani ɗigo. A cikin madubin ungulu ce, tana sosa wuya, har yana ganin ƙiftawar idonta. 

"Daga Kano ya fito, na wani babban maharbi ne," Maharazu ya ci gaba. "Naka na yara ne. Mutum kamarka a ce yana kashe ɓera a taki goma, ga zabin daji suna kiwo a taki tamanin suna yi masa dariya."

Bai yi ciniki ranar ba. Ya koma gida, ya kasa cin tuwo, ya fita, ya dawo, ya sake fita. Baturiya tana tankaɗe ta dube shi ta ce, "Maigida, me ka gani a kasuwa?"

Ya gaya mata.

"Wannan ɗin da ke gare ka, ya taɓa ba ka kunya?"

"Bai taɓa ba."

"To me ya yi?"

"Bai yi komai ba, Baturiya. Ƙarami ne kawai."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Kasuwar da ta zagayo, Mainassara ya kwance Ɗan Uku da hannunsa, ya haɗa da bargon da Banasaren ya bar masa, ya miƙa wa Maharazu, ya karɓi mai ninki takwas. Ko waiwaye bai yi ba lokacin da dillalin ya jefa marigayin cikin buhu tare da tsofaffin kwaɗuna da fitilu.

Tun ranar farko abu ya ƙi. Ya fita bayan gari, ya hango zabi can nesa, madubin ya kawo masa su har yana ƙirga zanen gashinsu. Ya harba. Dalma ta faɗi cikin rairayi tun ba ta yi rabin hanya ba, zabin ko kai ba su ɗaga ba. Ya matsa kusa, sai ya ga duniya na rawa a cikin madubin. Kowane bugun zuciyarsa sai gicciyen ya yi tsalle daga kan tsuntsu zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Rawar hannun da Ɗan Uku ya shekara shida yana rufa masa, wannan ya ninka ta sau takwas ya shimfiɗa masa a gaba. A sito abin ya fi muni. Duk abin da bai kai taki goma sha biyar ba sai ya narke ya zama kamar kunu, kuma wurin da madubin yake nunawa bai fi faɗin faifai ba. Kafin ya lalubo ɓera a cikinsa, ɓeran ya gama cin abincinsa ya tafi.

Ya ce dalmar ce ba ta da kyau. Ya ce iska ce. Ya ce sai ido ya saba. Da miya ta yi mako biyu babu nama ya sayo kurciyoyi wurin masu tarko, ya kawo gida a rataye a bakin bindiga. Baturiya ta fige su, ba ta ga ramin dalma ko ɗaya ba, ta dafa.

Ranar da abin ya faru ruwan farko bai daɗe da sauka ba. Da hantsi Baturiya ta shiga madafa ɗauko tukunya, ta fito da baya a hankali.

"Maigida, ɗauko bindiga. Gamsheƙa ne a jikin jinka, sama da murhu."

Gamsheƙa maciji ne mai tofi, kuma ido yake nema. Mainassara ya san haka, ya kashe biyu a sito da Ɗan Uku, kowanne harbi ɗaya a ka. Ya ɗura dalma, ya tsaya a ƙofar madafa, taki shida tsakaninsa da macijin. Baturiya ta ɗage asabari don haske ya shiga. Da ido yana ganin baƙin abu a naɗe jikin sanda. Ya ɗora ido a madubi, bai ga komai ba sai wani ja-ja-ja mai hayaƙi. Ya ɗaga kai, ga maciji. Ya mayar da ido, babu. Ya yi ta yawo da bakin bindiga, kara ɗaya na jinka ya zama kamar gungumen itace.

"Ga kansa nan, ta hagu," in ji Baturiya.

Bai ga lokacin da ta saki asabari ta shigo tana nuna masa da yatsa ba. Madubin ba shi da wurin da zai nuna ta. Ya ga wani duhu ya gitta, ya ɗauka kan macijin ne, ya ja kunama. Dalma ta bugi sanda. Macijin ya fasa kai, ya yi tofi, ya sulale ta ƙarƙashin jinka ya faɗa tarin itacen da ke bayan madafa. Da Mainassara ya sauke bindiga ya ga matarsa a durƙushe, ta dafe idonta na hagu da hannu biyu, ba ta yi kuka ba, sai cewa take, "Nono, kawo nono."

Ya Kaka ce ta kawo ƙwaryar nono aka yi ta wanke idon, sannan aka ɗora ta a jaki zuwa gidan likita. Kwana ashirin tana zuwa ana ɗiga mata magani. Idon bai tsiyaye ba, alhamdu lillahi, amma wani fari ya kwanta a kansa, ba ta ganin komai da shi sai haske da inuwa. Macijin kuma bai bar gidan ba. Ƙwai yana ɓacewa a akurki, ana ganin sawunsa a jiƙaƙƙen rairayi. Baturiya ta daina shiga madafa, ta kafa murhu a tsakar gida, in ruwa ya zo ta kwashe wutar da kasko. Ba ta taɓa ce masa kai ka ja mini ba. Ya sha fatan ta faɗa.

Babban madubin bai daɗe ba shi ma. Wata safiya Mainassara ya leƙa ya ga gicciyen ya karkace, wani abu na kacau-kacau a ciki. Ya kai wa Inusa mai gyaran agogo, wanda yake zama a rumfa kusa da masu kekuna. Inusa ya girgiza shi a kunne, ya ajiye.

"Wannan na bindigar albarushi ne, Yaya Mainassara. Ita baya kawai take shura. Taka murɗaɗɗen ƙarfe ne a cikinta, in ya saki sai ta shura baya ta shura gaba, ta wargaza masa hanji. Amma bari in tambaye ka. Bindigar nan taka, ina take kai dalma da ƙarfinta?"

"Taki talatin. In ta ƙure, arba'in."

"Ɓeranka fa, a ina kake samunsa?"

"Taki goma. Wani lokaci bai kai ba."

"To me ka aika idonka ya yi a taki tamanin, inda dalmarka ba ta zuwa? Madubi da tsawon hannun bindiga ake auna shi, da irin abin da kake harbi, da yadda hannunka yake tsayawa. Da ƙato ya fi, ai da Banasaren ƙato ya ɗora mata."

Mainassara ya miƙe ya koma gida. Washegari ya nemi izini wurin sabon mai kula da fili, ya ce zai yi kwana uku. Ya bar wa Ya Kaka amanar gida, ya kama hanya.

Ya tarar da Maharazu a Baɓura. Dillalin ya ce ai tuni ya sayar wa wani mai tuƙa kamiyo, babbar motar gyaɗa, ɗan Bande. Ya juyo, ya wuce ta bayan Magarya ba tare da ya shiga gida ba, don kunyar shiga hannu wofi. A Bande ya jira mai kamiyo kwana huɗu, yana zagaya tasha kamar wanda aka yi wa kiranye. Da mutumin ya zo ya ce ya ba wani maɗinki a Kwaya a bakin ɗinkin riga. Maɗinkin Kwaya ya ce surukinsa ya zo ganin jika, ya gani, ya so, ya tafi da shi, wani tsoho ne mai suna Sallau, yana noma a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Mainassara ya bi ta Dungas a ƙasa, ruwa ya dake shi sau biyu, takalminsa ya tsinke ya ɗaure da igiyar kaba. In ya zauna hutawa ƙarƙashin gawo, kafin gumi ya bushe ya miƙe. Kwana uku suka zama goma sha tara.

Gero ya fara nuna lokacin da ya isa gonar Sallau. Tsohon yana zaune a kan rumfar korar tsuntsu, igiyoyi masu gwangwanaye sun tashi daga ƙafarsa zuwa kusurwoyin gona. A wuyansa, a rataye da tsumma kamar laya, ga Ɗan Uku. Baƙin fentinsa ya goge, tsatsa ta kama wuyansa. Mainassara ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sallau ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ni da shi nake ganin jan-baki tun suna kan bishiyoyin can, kafin su sauko mini. Idona ya mutu, ɗana. Ba na sayarwa ba ne."

"Baba, bari in riƙe shi kawai."

Ya ɗora ido. Ruwan damina ya shiga cikinsa, wani hazo ya kwanta a gefe-gefe, zare ɗaya ya ɗan saki. Amma a tsakiya ga gonar nan duka, ga zangarniya, ga tsuntsu a kanta, ga jakin da ke ɗaure can baya, kowa a wurinsa, babu mai rawa. Ya daɗe bai sauke ba.

Bai tafi ba. Ya hau rumfar ya karɓi igiyoyin, kwana uku yana korar tsuntsu, yana kwana a zauren tsohon. Ran na uku suna shan fura a inuwa, Sallau ya tambaye shi dalilin da mutum mai furfura zai taka ƙasa haka saboda guntun ƙarfe. Mainassara ya gaya masa komai, har da kurciyoyin masu tarko.

Tsohon ya ajiye ludayi. "Macijin, an kashe shi?"

"Yana nan."

"Ita kuma tana gidan."

"Tana nan."

"Yau kwananka nawa da fitowa?"

Mainassara ya ƙirga, ya faɗa.

"Kwana ashirin da biyu ka bar mace mai ido ɗaya da gamsheƙa a gida ɗaya, kana nan kana kora mini tsuntsu." Sallau ya cire tsumman daga wuyansa ya ajiye masa a cinya. "Ɗauki. Ba don kai ba, don ita. In ka gama furar ka tashi."

Bai gama furar ba.

Da ya shiga gida Baturiya tana tsakar gida tana fifita wuta. Ta juyo da kanta gaba ɗaya, yadda take yi yanzu in za ta dubi abin da ke hagunta. Ta ga ƙafafunsa, ta ga abin da ke hannunsa.

"Ka dawo," ta ce. "Kaji biyu ya kashe bayanka. Akwai ruwa a tulu."

Ya ɗaura Ɗan Uku a mazauninsa. Ya kafa ɓawon kabewa a taki goma, ya harba, ya murɗa, ƙas, ƙas, ya sake harbawa, har dalma ta koma inda zare suka haɗu. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ya shimfiɗa buzu taki takwas daga tarin itacen, ya zauna. Rana ta farko tun daga asuba har azahar, babu komai. Ƙafarsa na son kaɗawa, yana danne ta da gwiwar hannu. Rana ta biyu haka. Rana ta uku an kwana ana ruwa, da hantsi rana ta buɗe, sai ga baƙin kai ya fito tsakanin itace biyu yana neman ɗumi.

Ya ɗaga bindiga a hankali. Cikin hazon marigayin ya ga kan macijin sarai, ya ga itacen, ya ga gindin katanga. A can gefen dama kuma, inda hazon ya fi kauri, ya ga shuɗin zane na matsowa. Baturiya ce ɗauke da ƙwarya za ta akurki, kuma tarin itacen yana ɓangaren idonta mara gani.

"Baturiya, tsaya nan inda kike," ya ce, bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗauke ido ba.

Shuɗin zanen ya tsaya.

Faf.

Macijin ya zubo ƙasa yana murɗawa, kansa a fashe. Baturiya ta ajiye ƙwaryar, ta je ta ɗauko taɓarya, ta ƙarasa shi da kanta, duka uku. Ta tsaya tana haki, tana dubansa. Da la'asar ta kwashe duwatsun murhu ta mayar da su madafa.

Wannan shi ne babban aikin marigayin na ƙarshe. Bayansa ya ɗan taɓa aiki a sito, ya kashe ɓeraye kaɗan, amma ciwon da ya ɗauko a damina ya riga ya zauna. Hazon ya yi ta matsowa daga gefe zuwa tsakiya. An shanya shi a rana, an binne shi cikin buhun gero kwana bakwai don ya tsotse danshin, an shafa masa man keke. Zaren da ya saki ya ƙara saki. Maɓallin da ke cewa ƙas, ƙas ya koma juyawa shiru. Mainassara ya yi ta safa da marwa tsakanin gida da rumfar Inusa, wata rana sau uku, har Inusa ya ce ya bar shi ya buɗe cikin. Ranar Talata ya buɗe. Tsatsa ta cinye zoben da ke riƙe ƙwayar gaba, yana taɓa shi ya ruguje, ƙwayar ta faɗo kan tabarma ta rabe biyu, zaren ya tsinke. Inusa ya cire hularsa, ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Marigayin ya rasu ya bar bindigar, wadda take rataye a bango tana takaba, ana kuma sa ran za ta koma aiki da tsinin hancinta kawai, kamar sauran bindigogi. Ya bar gwangwanin dalma rabi, da kuben fata da dukawan Magarya suka ɗinka masa. Ya bar tsoho Sallau na Dogo-Dogo, wanda za a aika wa labari da goro. Ya bar ɓerayen filin gyaɗa, waɗanda ba a sa ran ta'aziyyarsu. Ƙwayarsa ta baya ta fita lafiya, babu ko tabo. Inusa ya naɗe ta a takarda ya ba mai shi, Baturiya ta gani ta ɗora ta a kan tafin hannunta, ta ga zanen fatarta ya girma, ta ce ita ce magajiya. Da ita take zura zare a allura yanzu, da ita take cire ƙaya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan gidan Mainassara da ke unguwar masu gyaɗa, a gindin kurnar da ke jikin katanga. Inusa ne ya yi masa wanka da mai, an naɗe shi a cikin tsumman da ya zo da shi daga Dogo-Dogo. Ba za a yi salla ba. An tambayi liman, ya ce ƙarfe ne, addu'ar a yi wa masu rai. Babban madubin ba ya cikin masu rakiya, an ba maƙera su ga abin da za su yi da shi. Maharazu ya aiko da gaisuwa daga Baɓura, ya ce ya samo wani mai ninki goma sha biyu. An karɓi gaisuwar, an ce ya zo shi kaɗai.

Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zaure, kuma Mainassara ya yi alkawari a gaban Ya Kaka cewa a kwanakin nan ba zai je Bande ba, ba zai je ko kasuwa ba. Wanda ya zo da hantsi ko bayan la'asar bai tarar da shi a kan tabarma ba, kada ya ɗauka halin ne ya motsa. Ya zauna ya ɗan jira. Yana ciki, lokacin ɗiga wa Baturiya maganin ido ne, kuma tun da ya dawo bai bar wa kowa wannan aikin ba.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya kuma sa mu san girman abin da ke hannunmu tun yana nan. Amin.